Fentin Ido

In kana so ka ɓata wa kanka rai da sassafe a unguwarmu ta Ƙanƙara, to ka tambayi Barau ko ya iya wani abu. Ya iya mana! Ai ba a ƙirƙiro sana'ar da Barau bai iya ba tukuna. Shi ya gyara rediyon liman, wadda har yau ba ta magana sai an kife ta. Shi ya kafa wa Gide mai shayi rumfa, iskar farkon damina ta ɗauke ta ta dire a gonar mutane. Amma mutumin nan ko a jikinsa. Da bakinsa ya raɗa wa kansa suna Injiniya, in ka kira shi Barau zalla sai ya yi kamar da bango kake magana. Katangarmu ɗaya da shi, don haka abin da zan faɗa muku ba ji na yi a bakin wani ba.

Ƙanensa Maharazu ne zai yi aure, yaro mai sanyin hali wanda ko kaza ba ta kuka da shi. Amaryar, Ikhlas, 'yar Sabuwa ce. Gwaggonta kuwa, Hajiya Barakatu, ita ce shugabar 'yan jere, matan da za su kawo kayan ɗaki su shirya shi kafin a kawo amarya. Muna zaune a teburin Gide ta bugo wa Maharazu waya, muryarta kuwa ba ta bukatar a ƙara mata ƙarfi.

Ta ce, "Ka ji ni da kyau, yaro. Labulen ɗiyata kore ne, kujerunta kore, har shimfiɗar gado. Ɗaki nike so kore shar. Ka san halin hanyarmu, ba a yi mata zirga-zirga. Sau ɗaya za mu zo, da rana, mu juya da sauran rana. Wallahi in ban ga ɗakin nan kore da idona ba, ko cokali ba za a sauke ba. In juya da kayana, biki kuma sai ranar da Allah Ya yi."

Kowa ya san Hajiya Barakatu ba ta wasa da rantsuwa. Maharazu ya ajiye waya jikinsa a sanyaye, ya ce gobe zai kira mai fenti.

Barau ya dire kofin shayi. "Mai mi?"

"Mai fenti, Yaya."

"Ina raye, ina numfashi, a kawo bare ya shafa fenti a gidan ubana? Maharazu, ashe ka raina ni haka?"

"Ba raini ba ne, Yaya. Abin ne ba ya son kuskure."

"Kuskure! Ni da na yi wa gidajen manya fenti a Kaduna, har mutane suna tsayawa suna ɗaukar hotona?"

Gide ya ce, "Kadunar da ka je sau ɗaya ka kwana a tasha?"

"To tashar wa ya yi mata fenti?"

Haka ya yi ta kumfar baki har maganar ta kai kunnen mahaifiyarsu, Inna. Ita kuma don a zauna lafiya ta ce wa Maharazu ya bar wa yayansa. Yaro ya miƙa kuɗin fenti da makullin ɗaki, hannunsa yana rawa.

Barau ya ce fentin Ƙanƙara ruwa ne tsagwaronsa, na gaske sai Faskari, wurin wani amininsa. Ya yi ta ɗaga tafiya yau da gobe, sai da ya rage jibi 'yan jere su zo sannan ya hau babur. Ya sayo babban bokiti, ya ɗaure a baya da tsohuwar roba, ya kamo hanya a guje don masu acaba su san Injiniya ne ke wucewa. Hanyar nan kuwa rami ne ke bin rami. Wani rami ya tsaga gindin bokiti, Barau bai waiwaya ba, har murna yake yi babur ɗinsa ya ƙara sauri. Matafiyan ranar sun ce ba wanda ya tambayi hanyar Ƙanƙara, koren layi kawai suka biyo har ƙofar gidansu.

Ya sauka, ya ɗaga bokiti da yatsa ɗaya. Abin da ya saura a ciki ko ƙadangare ba zai isa a shafa wa ba. Bayan rigarsa kuwa kore shar, tun daga wuya har ƙasa.

Gide ya leƙo ya ce, "Injiniya, ɗaki aka ce, ba gadon bayanka ba."

"Gwaji ne. Ƙwararre ba ya shafa fenti a bango sai ya gwada a jikinshi."

"Wannan layin fa da ya biyo ka?"

"Kumfar sama ce na zubar. Asalin shina ciki."

Ya shige gida da bokiti a rungume kamar mai nauyi. Kuɗin dai sun tafi, kuma da ya faɗi gaskiya gara ya haɗiye buroshi. Ya jiƙa farar ƙasa, ya shafe ɗakin amarya fari tas, ya ja ƙofa ya kulle, ya jefa makulli a aljihu. Maharazu ya zo zai leƙa, ya tare ƙofa.

"Ba a buɗewa. Fentin waje ne, iska tana ɓata shi."

"Amma dai ya yi kyau, Yaya?"

"Kai dai ka tanadi tukuici."

Washegari da hantsi na hango shi ta kan katanga zaune a tsakar gida, ya zuba tagumi. Matarsa Adama ta baza tattasan miyar biki a kan tabarma, ja wur cikin rana, shi kuma ya ƙura masa ido ba ƙiftawa, yana tunanin garin da zai gudu. Can ya ɗaga kai ya dubi farin bangon ɗaki. Sai na ga ya zabura, har hularsa ta faɗi.

"Adama! Adama! Wa ya shafa fenti a bangon nan?"

Ta fito da ludayi a hannu. "Wane fenti, Baban Ummi?"

"Ga shi nan, kore, faɗin tabarma! Ga shi... kai, ya tafi."

"Yunwa ce. Ga kokonka can yana hucewa."

Ina! Ya sake durƙusawa gaban tattasai, ya zare ido kamar mai jiran ɓera a bakin rami, ya ɗago, ya buga ihu. Kore ya dawo. Ya sake, ya dawo. Ko takalmi bai tsaya sawa ba ya yo waje, sai teburin Gide. Ya yi sa'a Malam Yahya yana nan, wanda ke koyar da kimiyya a makarantar sakandare, yana shan shayi cikin farar rigarsa. Barau ya zayyana masa abin da ya gani yana haki.

Malam Yahya ya yi murmushi ya ce, "Ba wani abin tsoro ba ne. A cikin ido akwai 'yan ƙananan ƙwayoyi iri uku. Wasu ja suka fi kamawa, wasu kore, wasu shuɗi. Fari kuwa duka ukun yake tashi tare. In ka daɗe kana kallon ja, masu kama jan sai su gaji. Da ka juya kan fari, sauran biyun su rinjaye su, sai ka ga kore-kore mai ɗan shuɗi."

"Wato ido da kanshi shina da bokitin fenti a ciki?"

"Ban ce haka ba."

"Amma in ya gaji shina zubo kore."

"Na ɗan lokaci. Da zarar ya huta..."

Barau ya buga tebur har cokula suka yi tsalle. "To kada a bari ya huta!"

Nan take ya sure jar robar da Gide ke wanke kofuna a ciki, ya watsar da ruwan, ya kafa masa ita a gaban hanci. Ya ce ya kalla, in ya ƙifta bai haifu ba. Gide shi ma da son ganin ƙwaƙwaf, ya zuba ido har hawaye suka zubo, ruwan shayi yana tafasa yana kashe masa wuta. Barau ya fizge roba ya nuna rigar Malam Yahya.

Gide ya ja da baya. "La'ilaha illallahu! Malam, ka zama ganye!"

"Ka gani ko?"

"Tsaya... ya tafi. Ya koma mutum."

"Robar ce ƙarama. Ƙaramin ja, ƙaramin kore. Babban ja kuwa, fentin shekara."

Malam Yahya ya ce, "Barau, ba haka abin yake ba. Kuma wai mi za ka yi da shi ne?"

"Malam, ku kun karanta, mu mun ƙirƙira. Ka rubuta sunan a allo, yara su haddace: fentin ido."

Ya tafi yana taku ɗai-ɗai, ƙafa ba takalmi. Mu dai muka bi shi da kallo. Da mun san abin da ke cikin kan nan nasa, da mun ɗaure shi a turken akuya har a gama biki.

Ranar jere, tun da safe Adama ta dafa zoɓon baƙi cike da babbar tukunya, ta zuba sukari da citta da kanumfari, ta rufe ta shiga wanka. Ta fito ta tarar da mijinta tsugune, ya tsoma farin zanin gadonta na aure cikin tukunyar, yana cuɗawa da hannu biyu.

"Innalillahi! Baban Ummi! Zanin gadona! Zoɓon mutane!"

"Rage murya. Kimiyya nike yi."

"Kimiyyar ce ba ta ga rijiya ba sai tukunyata? Mi zan ba baƙi su sha?"

"Yau komai da ido za a yi."

"Allah Ya isa tsakanina da kimiyyar nan!"

Ya matse zani, ya shanya a igiya daidai ƙofar ɗakin amarya, inda rana ta fi bugawa. Gaskiya zanin ya yi ja, ja zur, har yana ɗaukar ido. Hannuwan Barau ma sun yi ja har gwiwa, sabulu ya ƙi fitar da su. Ya zura babbar riga a kai, ya kafa hula, ya tsaya a zaure kamar mai jiran a naɗa shi sarauta.

Kafin azahar suka iso, a-kori-kura shaƙe da kaya a gaba, motar mata a baya, ana ta rangaɗa guɗa. Mu maƙwabta muka taso don taya sauke kaya. Hajiya Barakatu ta sauko, doguwar mace mai jiki, da farin mayafi da tabarau. Ta ɗaga hannu ta ce kada wanda ya taɓa ko tsintsiya sai ta ga ɗaki.

Barau ya rusuna. "Barka da hanya, Hajiya. Ni ne yayan ango, Injiniya Barau. Ni na yi aikin da hannuna."

Ta dubi hannun. "Yanka ka yi?"

"Lalle ne na murna. Hajiya, kafin a buɗe ɗaki akwai 'yar al'adar gidanmu. Kallon ja."

"Kallon mi?"

"Ja. 'Yan jere su jeru, su ƙura wa jan zane ido, ba ƙiftawa."

"Yaro, tun ba a yaye ka ba nike kawo amare garin nan. Ban taɓa jin wannan ba."

"Ta cikin gida ce, ba a fitar da ita. Tun daga kakanmu. Duk amaryar da aka yi wa kallon ja, har abada ba ta yin yaji."

Inna da ke bakin madafi ta ce, "Wane kakan naku?"

Barau ya ɓarke da tari mai ƙarfi har ya rufe muryarta. Mata kuwa da suka ji zancen yaji sai dariya, wata ta ce da an yi mata wannan da ba ta san hanyar gidansu ba. Hajiya ta yi tsaki, amma ta ce a yi a gama, rana tana tafiya.

Suka jeru cikin rana, manyan mata da zannuwan biki, sun zare ido a kan zanin gadon Adama. Barau yana kai da komo a bayansu, hannu a goye.

"Ke mai goyo, kin ƙifta. A sake daga farko."

"Ƙuda ne ya shigar mini ido!"

"Ki bar shi, baƙo ne."

Ƙudaje kuwa sun samu labarin sukari, sun zo har da danginsu. Hawaye ya wanke kwallin mata, hoda ta yi layi-layi. Hajiya ta shaƙi iska ta ce, "Zanen nan ƙamshin citta yake yi."

"Turaren al'ada ne, Hajiya. Kada ki kawar da ido."

Da ya ga sun jigata, sai ya zaro makulli, ya banko ƙofa. "Bismillah! Ku shiga da sauri! Bango kawai za ku duba!"

Suka duru ciki. Sai wata ta callara guɗa.

"Masha Allah! Kore shar!"

"Kai, wannan fenti har walƙiya yake!"

Na ji muryar Hajiya da kunnena tana cewa, "To, alhamdu lillahi. Ya yi."

Wallahi ni kaina sai da na yi shakkar hankalina. Maharazu da ke tsaye kusa da ni a zaure, cikin farar shaddarsa ta angwanci, ya sauke ajiyar zuciya, ya ce Allah Ya saka wa Yaya. Barau ya juyo ya ware babbar riga.

"Gide, kunnenka ya ji ko? Wa ya kwana a tasha yanzu?"

Bai rufe baki ba muka ji wata daga ciki ta ce, "Gwaggo, nawa ɓangaren yana koɗewa."

Wata ta ce, "Ni nawa tafiya yake yi. Na dubi sama, ya bi ni sama."

"Na dubi tafin hannuna, ga shi a hannuna!"

"Ni kam babu komai yanzu, fari nike gani."

Hajiya ta cire tabarau tana gogewa da bakin mayafi. Barau ya faɗa ɗakin, ya ware hannuwa yana kaɗo su waje kamar mai kora tumaki.

"Ku fito, ku fito! Fentin waje ne, kunya gare shi, ba ya son a zuba mashi ido da yawa. Kuma al'adar sau biyu ce, na manta ban faɗa ba."

"Sau biyu?"

"Na farko na amarya, na biyu na 'ya'yan da za ta haifa. Ko ba ku son ta haihu?"

To wa zai ce ba ya so? Suka fito suna gunaguni. Abin da Barau bai lura da shi ba, yayin da suke ciki, akuyar Inna ta ɗanɗana zanin ta ji zaƙi. Ta hau kan turmi ta cinye wuri biyu a sama, kusa da juna, ta sauko ta yage wata doguwar ɓaraka a ƙasansu. Ta cikin hujojin ana hango farin bango yana ƙyalli. Barau ya harbi akuya da ƙafa, ya ce ba komai, ado ne. Ya tsayar da su wannan karon har sai da wata tsohuwa ta nemi a riƙe ta.

Ita kuwa Inna, ganin baƙi sun sha rana kuma babu zoɓo, sai ta fito da babbar ƙwaryar fura da nono ta dire a gefensu, daidai lokacin da Barau ya ce an gama. Shi ma Maharazu ya shigo don ya gaida surukai. Daga nan komai ya rikice a lokaci ɗaya.

Na gefe suka leƙa ƙwarya. "Subhanallahi! Funfuna! Nonon ya yi kore, da shi za a tarbe mu?"

Na tsakiya suka juya suka ci karo da ango cikin farar shadda. "Wayyo Allah, ango! Mi ya same shi? Ya zama tsanwa har wuya!"

Na gaba kuwa, su da Hajiya, sun riga sun shiga ɗaki. A jikin bango ga wata ƙatuwar fuska kore, da baƙaƙen idanu biyu da wagegen baki. Mace ta juya gabas, fuska tana gabas. Ta juya yamma, ta riga ta can. Ta dubi rufi, ga ta tana leƙo ta.

"Aljani! Aljani a ɗakin amarya!"

Ban taɓa ganin mata masu jiki sun fita ta ƙofa ɗaya da irin wannan sauri ba. Takalma suka tashi sama, ɗankwalaye suka zube, ƙwaryar fura ta kife. Barau ya tsaya a gaba yana ɗaga jajayen hannuwa yana cewa kimiyya ce, kimiyya ce, suka bi ta kansa. Ya kama igiyar shanya don kada ya faɗi, igiya ta tsinke, zani ya rufto masa a ka, hujojin nan biyu suka zauna daidai idanunsa. Ya miƙe yana laluben hanya, jan abu mai ido biyu da baki, ƙudaje suna yi masa rakiya.

"Ga shi nan ya fito! Ya canza launi!"

Wata ta rarumo muciya ta sauke masa a gadon baya. Ya yi waje a guje, akuya tana biye tana cin gefen zanin, har tsakiyar titi, inda duk majalisar Gide da masu acaba da 'yan kallo suka taru. Ya taka bakin zani ya kife a gaban teburin shayi. Gide ya ɗaga gefen zanin da cokali ya leƙa.

"Injiniya, wannan ma gwaji ne?"

Hajiya Barakatu kaɗai ba ta gudu ba. Ta tsaya a ɗakin tana karanta Ayatul Kursiyyu har fuskar ta dushe ta ɓace. Sannan ta dangwala yatsa a bango ta murza. Ta fito har ƙofar gida, ta ɗaga yatsan sama kowa ya gani, fari fat da farar ƙasa.

Ta ce, "Na ce ku yi mini ɗaki kore, ku kuma kuka shirya ku kore mu. To kun yi nasara. Direba, tada mota."

Nan dariya ta ɗauke. Maharazu ya zube a gabanta cikin ƙasa da sabuwar shaddarsa, yana ta cewa "Hajiya, don Allah." Inna ta rufe fuska da mayafi tana kuka. Ni kaina sai da na ji idona ya kawo ruwa, don yaron nan ya daɗe yana tattalin ranar nan, kuma bai yi laifin komai ba sai na yarda da yayansa.

Malam Yahya ya matso ya yi wa mata bayani cewa babu aljani, idonsu ne ya gaji da ja, hujojin akuya kuma su suka zana fuskar. Hajiya ta ce ta ji, amma ina fentin da aka ba da kuɗinsa? Gide ya nuna mata koren layin da ya taho daga titi ya shige zaure.

Direban motar mata ya leƙo ta taga. "Af! Ashe shi ne layin da muka biyo tun daga Faskari? Hajiya, ai ke kika ce an fara gyaran hanya, har kika sa albarka."

Hajiya ta ciji leɓe. Kafaɗunta suka fara rawa. Ta yi ƙoƙari, Allah Ya sani ta yi ƙoƙari, amma dariya ta ƙwace mata har sai da ta dafa mota. Da ta lafa ta share ido ta dubi Maharazu.

"Tashi, yaro, na san ba ruwanka. Amma na rantse, kuma ni ban taɓa cin rantsuwa ba."

Sai ga Adama ta fito daga zaure, ta durƙusa. "Hajiya, a gafarce ni. Mi kika ce a rantsuwar?"

"Na ce in ban ga ɗakin nan kore da idona ba, ko cokali ba za a sauke ba."

"To kin gani ko ba ki gani ba?"



Mai goyon nan ta ce, "Gwaggo, kin gani. Har kika ce ya yi. Ni na yi guɗa."

Hajiya ta dubi Adama sama da ƙasa ta ce, "Ke wa ya haɗa ki da wancan?" Sannan ta juya ga direba. "Kashe mota. A sauke kaya. Amma gobe mai fenti na gaske zai shigo ɗakin nan, kuma wancan ko inuwarsa kada ta gifta."

Aka ɗauki guɗa, muka hau sauke kujeru. Kuna tsammani Barau ya shige ɗaki ya rufe kansa don kunya? Ba ku san shi ba. Ya yaye zani, ya karkaɗe riga, ya gyara hula, ya bi majalisa mutum-mutum.

"Kun dai ji da kunnenku. Da idonta ta gani. In ba don fentin ido ba, da yanzu kaya suna hanyar Sabuwa. Ni na ceci auren nan. Maharazu, ina tukuicina?"

Ashe Hajiya tana ji. Da aka gama jere aka fito da abinci, sai ta sa aka shimfiɗa mata tabarma a zaure, inda maza da mata duk za su gani, ta aika a kira shi.

"Injiniya, zo ka karɓi tukuicinka."

Ya zo yana washe baki, yana duban Gide ta wutsiyar ido. Tun safe ko koko bai sha ba. Ta buɗe kwano ta tura gabansa: jar miya ce ta tattasan Adama, mai yana kwance a sama, cinyoyin kaji sun yi tsaye a ciki. Barau ya naɗe hannun riga.

Ta ce, "Dakata. Mu ma a Sabuwa muna da al'ada. Ƙura mata ido tukuna. Kada ka ƙifta."

Ya ƙura. Ƙamshi yana dukan hancinsa, maƙogwaronsa yana hawa yana sauka, hawaye suka taru. Ya ɗan motsa, ta ce ya ƙifta, a sake daga farko. Sai da ta ga ya jigata sannan ta janye kwanon ta miƙa wa Maharazu, ta dire wa Barau farin farantin tangaran, wankakke, babu ko ɗigon mai.

"Mi ka gani?"

Barau ya dubi faranti. Ya haɗiye yawu. 

"Kore, Hajiya."

"Madalla. Miyar kuka ce. Yi sauri ka ci kafin ta tafi."